SAMARIN BAKIN LUNGU

 Wannan karon ba labarin soyayya na zo maku da shi ba, don haka wadda ta sayi ɗan littafin nan tana jiran ta ji yadda za a ƙare tsakanin saurayi da budurwa, sai ta yi mani afuwa.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, a littafina na baya na yi wa tauraruwar labarin aminiya Kirista, wadda ta yi jinyarta a asibiti lokacin da dangin miji suka watsar da ita. Littafin bai yi wata biyu a kasuwa ba sai wata baiwar Allah ta kira ni ta lambar da ke bayan bango. Ko gaisawar kirki ba mu yi ba ta ce, "Malama, ke ko mi ya kai ki? Duk 'yan matan Musulmin da ke garin nan kin rasa wadda za ki ba amana sai wannan?" Ta faɗi wata kalma da ba zan maimaita ba. Na ba ta haƙuri muka rabu, amma maganar ta kwana tana cina, domin da ta san cewa waccan aminiyar ba daga kaina na ƙirƙiro ta ba, ƙila da ta sassauta. Zan zo kan wannan. Bari mu fara daga nesa tukuna, tunda Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya.

Kowa ya san kirarin garinmu, Katsina ɗakin kara. Mun iya faɗinsa a gidan biki, amma ba kowa ke tsayawa ya tambayi kansa ba, shin wa ake yi wa karar? Ai ɗan ɗakinku ba kara kike yi masa ba, haƙƙinsa ne kike ba shi. Baƙo ake yi wa kara, wanda kina da ikon ki wulaƙanta shi amma kika ji nauyi kika bari. Katsina kuwa tun tali-tali garin baƙi ce. Tun zamanin Muhammadu Korau, wanda ake cewa shi ne sarki Musulmi na farko a ƙarni na 15, wanda kuma ake danganta hasumiyar Gobarau da zamaninsa, ayarin fatake ke sauka nan daga Agadas da Tarabulus da ƙasashen yamma. Wangarawa sun zo, Larabawa sun zo, Buzaye da Barebari sun zo. Kuma Musulunci da ya kafu a birni bai share Maguzawan karkara ba, an ci gaba da cin kasuwa ɗaya da su ɗaruruwan shekaru, suna kawo hatsi suna sayen gishiri da tufa.

Wani abin da na tarar a karance-karancena ya ba ni mamaki ƙwarai. Ashe tun a shekarar 1711, kusan shekara ɗari kafin jihadin Shehu Usmanu, wasu limaman Kirista biyu Turawa da suka taso daga Tarabulus, suka keto Sahara ta Agadas, sun iso Katsina, wai sun ji labarin akwai Kiristoci a can kudu suna nemansu. Ba su kai ba, ciwo ya kama su suka mutu a nan. Ke nan akwai ƙasusuwansu cikin ƙasar da muke takawa. A 1851 kuma Bature Barth, wanda ya sa wa kansa suna Abdulkarim, ya sauka garin nan zamanin Sarki Muhammadu Bello. Ba zan ɓoye maku ba, Sarki ya ɗan riƙe shi 'yan kwanaki ana jan magana a kan kyautar da zai bayar, amma ya fita lafiya da littattafansa, har ya sake dawowa bayan shekara biyu, kuma ya rubuta sunayen unguwannin birni da yawa.

Zamanin Sarki Muhammadu Dikko, Allah Ya jiƙansa, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, aka buɗe Kwalejin Katsina a 1921, inda Turawa suka koyar da su Sardauna da Tafawa Ɓalewa. A ƙarshen shekarun 1930 kuma 'yan mishan suka karɓi aikin jinyar kutare a Babbar Ruga. Ba wai babu zargi ba ne a tsakani, akwai shi, domin iyayenmu sun san mishan ba magani kaɗai ya kawo su ba, su ma mishan sun san ana sa masu ido. Duk da haka aka zauna. (Babbar Rugar nan ce daga baya ta zama wurin da ake ɗinke mata masu yoyon fitsari, aikin da wani likita ɗan ƙasar Holan, Dokta Kees, ya shahara da shi tun shekarun 1980. Wadda ta taɓa raka 'yar uwa can ta san ba a tambayar addini a bakin ƙofa.)

Sannan kada mu manta ba duk Kirista ne baƙo ba. Akwai Hausawa Kirista 'yan asalin ƙasar nan, musamman wajen Malumfashi da Ƙafur, jikokin Maguzawan da na ambata, kamar yadda ake da na Wusasa a Zariya. Tuwonmu ɗaya, karin maganarmu ɗaya, tun 1932 suke da littafinsu cikin Hausa. Har ma a 2023 da aka ba Katolika na Katsina bishop nasu na kansu, ɗan jihar nan aka naɗa, Gerald Mamman Musa. Ki duba sunan da kyau.

To yaushe ƙwarya ta fashe?

Ni ba a haife ni ba a lokacin, daga bakin Inna na ji, daga baya na bi takardu. A 1986 aka yi ta cacar baki a ƙasar nan kan shigar Nijeriya ƙungiyar ƙasashen Musulmi zamanin Babangida, zukata suka yi zafi, masu wa'azi na kowane ɓangare suka ƙara wa lasifika murya. Ranar 6 ga Maris 1987, a Kwalejin Horon Malamai ta Kafanchan, ɗalibai Kirista suna taron wa'azi, mai wa'azin ya taɓo Alƙur'ani, wata ɗaliba Musulma ta tashi ta ƙalubalance shi, faɗa ya kaure tsakanin ɗalibai. Daga makaranta ya shiga gari, aka kashe mutane aka ƙona masallatai. Cikin 'yan kwanaki labari ya hau mota ya hau rediyo, wutar ta kama Kaduna da Zariya da Funtuwa har ta iso Katsina, aka bi coci-coci da otal-otal ana cinna masu wuta. Lokacin muna cikin Jihar Kaduna, sai a watan Satumba na wannan shekarar aka ba mu tamu jihar. Inna ta ce abin da ba ta mantawa shi ne, yaran da ta gani da galan ɗin fetur ba wasu baƙin fuska ba ne, 'ya'yan maƙwabta ne waɗanda ake aike sayen kalwa. Ku lura da wannan, 'yan uwa. Ɗalibai suka kunna, samari suka rura. Babu tsoho ko ɗaya da ya ɗauki galan, ko da yake wasu tsofaffin da bakinsu suka yi aikin.

A 1991 ma garin nan ya sake ɗaukar zafi a kan wani rubutun ɓatanci da wata mujallar kamfanin Daily Times ta buga, almajiran Malam Yakubu Yahaya suka yi zanga-zanga, aka yi ta sa-in-sa da gwamnan soja na lokacin, Kanar John Madaki, har aka yi arangama da 'yan sanda. Wannan zan wuce shi da sauri, domin inda nake son mu zauna shi ne shekarar da ta biyo baya.

A 1992 rikici ya tashi a Zangon Katab kan maganar tayar da kasuwa, a watan Fabrairu, ya sake dawowa da ƙarfi a watan Mayu har ya malalo cikin garin Kaduna. A cikin waɗanda suka yi wannan faɗan akwai wasu samari biyu, kowanne jagora ne a ɓangarensa. Ɗaya shi ne James Wuye, jigo a reshen matasa na ƙungiyar Kiristoci ta CAN. Ɗayan Muhammad Nurayn Ashafa, ɗan gidan malamai, jigo a haɗaɗɗiyar ƙungiyar matasan Musulmi. Ba 'yan kallo ba ne, su da bakinsu sun sha faɗa cewa su ke shirya yara su fita. A faɗan nan James ya rasa hannunsa na dama. Ashafa kuma aka kashe masa 'yan uwa biyu da malaminsa, dattijon da ya tarbiyyantar da shi. Shekara uku kowanne na ɗauke da ɗan uwansa a zuciya kamar garwashi.

A 1995 aka kira wani taro a Kaduna kan maganar allurar rigakafin yara, aka gayyaci shugabannin ƙungiyoyi, Allah Ya haɗa su a wuri ɗaya. Wani ɗan jarida da ya san su duka ya kamo hannun wannan ya haɗa da na wancan, ya nuna masu cewa zaman lafiyar garin yana hannunsu in sun so. Suka yi murmushin da bai wuce leɓe ba. Kowanne ya koma yana lissafin yadda zai yi amfani da sanayyar ya gano lagon ɗan uwansa.

A nan ne abin da ya fi taɓa ni yake. Mahaifiyar James ta kwanta ciwo a asibiti, sai ga Ashafa ya zo dubiya. Da ta rasu kuma ya kwaso abokansa suka je ta'aziyya. Shi ke nan fa. Ba wata muhawara ba, ba wata takarda mai hatimi ba. Dubiya da gaisuwar mutuwa, abin da ni da ke muke yi kowane mako da mayafi a kafaɗa ba mu ɗauke shi komai ba, shi ne ya fara tsaga dutsen da ke ƙirjin James. Shi kuma Ashafa ya ce wata Juma'a ce liman ya yi huɗuba a kan yafiya, ya kawo labarin zuwan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, garin Ɗa'ifa, yadda aka sa yara suka jefe shi har jini ya zuba, aka ba shi zaɓin a halaka su ya ƙi, ya yi masu fatan shiriya. Ashafa ya ce kuka ya kama shi a cikin sahu. James ma wani babban fasto ne ya ja shi gefe ya gaya masa cewa ba a yi wa mutum wa'azi da ƙiyayyarsa a ciki.

Kada ku ɗauka daga ranar aka zama 'yan uwa. James ya faɗa da bakinsa cewa shekara uku suna yawon aiki tare, in aka sauke su ɗaki ɗaya, yakan dubi Ashafa yana barci zuciyarsa ta ce masa ya danne shi da matashin kai, ya rama hannunsa. Ni wannan maganar ta fi burge ni a kan duk lambobin yabon da aka ba su a ƙasashen waje, don ita ce ta nuna mani mutane ne irinmu. Ba kuma wanda ya bar addininsa ko ya sassauta aƙidarsa. Limami na nan limaminsa, fasto na nan fastonsa, kowanne ya yi imani shi ke kan gaskiya. Abin da suka ajiye shi ne adda.

Cibiyar sasanci da suka kafa a Kaduna ta fara ne da yaran da su da kansu suka koya wa faɗa. Su suka yi ta kai gwauro suna kai mari har shugabannin addini ashirin da biyu suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna ranar 22 ga Agusta 2002, zamanin Gwamna Ahmed Maƙarfi, bayan mummunan rikicin shari'a na 2000 wanda ya raba garin biyu, Musulmi suka tattara arewacin kogi, Kirista suka koma kudu. Gaskiya ɗaya ce, takardar ba ta hana komai da komai ba, domin wata uku kacal bayan sa hannun aka yi rikicin gasar sarauniyar kyau. Amma ba su zauna ba. Sun je Yalwan Shandam a Jihar Filato inda aka yi kashe-kashe a 2004, suka zauna da mutanen har aka yi sulhu a 2005. A 2006 aka yi fim a kansu, aka riƙa nuna shi har a wasu ƙasashe.

Yanzu bari in dawo gida, in ba ku wanda idona ya gani.

A 2011 ina da shekara goma sha tara, na gama sakandare ina zaune gida ana maganar aurena. Gidanmu na bayan ganuwa ne, can wajen Ƙofar Ƙaura, a wani lungu da ba ya ɓullewa. Katangarmu ɗaya da wani gidan haya, a cikinsa akwai wata ma'aikaciyar jinya da kowa ke kira Sista, Bahaushiya ce Kirista daga kudancin jihar nan, mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyu. Rabin yaran lungun nan a hannunta suka faɗo, domin ko ƙarfe biyun dare naƙuda ta tashi ita ake ƙwanƙwasa wa, ta fito da zane a ƙirji da 'yar jakarta, ba ta taɓa karɓar ko sisi ba. Da Sallah ni ke kai mata kwano. Da Kirsimeti kuwa sai ta sayo kajinta ta aiko wa Baba ya yanka, don ta san in ba haka ba ba za mu ci ba, ita kuma ba ta son a dawo mata da kwano yadda ta aika shi.

An yi zaɓen shugaban ƙasa ranar Asabar 16 ga Afrilu. Kafin Litinin arewa ta kama da wuta. Daga baya masu bincike suka ce an kashe sama da mutum 800 cikin kwana uku a jihohi goma sha biyu, Katsina na ciki. An yi wa Musulmi kisan gilla a Zonkwa da wasu garuruwan kudancin Kaduna, an kashe masu yi wa ƙasa hidima a Bauchi, an ƙona coci-coci da masallatai da shaguna. Abu ya faro daga ƙuri'a ya koma addini, kamar yadda ya saba.

Da hantsin Litinin ɗin muna jiyo ihu daga bakin titi, hayaƙin taya ya rufe sama. Sai ga saƙo ya shigo 'yar wayata, wai an shigo da mota cike da makamai an ɓoye a wani coci, za a far wa Musulmi da dare, wai duk wanda ya karanta ya tura wa mutum goma don Allah. 'Yan uwa, ban tambayi kowa ba. Jikina na rawa na tura wa duk wanda ke cikin wayata, ina ganin aikin lada na yi. Wallahi ko Sista ba ta faɗo mani a rai ba.

Inna ce ta tuna da ita. Ta kifa turmi a gindin katanga ta hau, ta leƙa ta ce, "Sista, miƙo mani yaran nan, ke ma ki hauro. Maza, ba lokacin kunya ba ne." Muka tallabo su ɗaya bayan ɗaya. Inna ta zura mata hijabinta na Sallah, ta shigar da su ƙuryar ɗaki bayan gado, inda take jere kwanoninta, ta saki labule, ta dawo tsakar gida ta ci gaba da tsintar shinkafa kamar ba abin da ya faru.

Baba ba ya gari. Yayana, wanda lokacin bai fi shekara ashirin da huɗu ba, yana koyon gyaran babur, ya fita ya kira abokansa na majalisa, waɗanda kullum Inna ke yi wa faɗa a kan zaman banza da gardamar ƙwallo. Su bakwai ne ko takwas. Suka jawo bencin mai shayi suka gitta shi a bakin lungu suka zauna. Babu mai riƙe da ko sanda. Ni ina leƙe ta kafar ƙyauren zaure, bakina ya bushe ƙaf.

Wajen azahar suka iso, sun kai talatin, da gorori da galan. Yawancinsu yara ne, wasu ko gashin baki ba su fara ba. Na gaba ya ce a ba su hanya, an ce akwai Kirista a lungun nan. Yaya bai tashi ba. Ya dube shi ya kira sunansa, ya kira sunan ubansa, ya ce, "Kai yanzu nan za ka shiga? Wa ya karɓi haihuwar ƙanwarka bara, da uwarka ta kwana biyu tana naƙuda?" Yaron ya sunkuyar da kai. Abokan Yaya su ma suka shiga kiran sunaye, wannan ɗan gidan wane, wancan tare muka yi makarantar allo, kai kuma ina bin ka kuɗin faci. Na ga abin mamaki ranar. Taron da ya zo kamar ambaliya, da aka fara tsinto mutanen cikinsa ɗaya-ɗaya da suna, sai ya fara komawa yara masu jin kunya. Wani daga baya, wanda ba ɗan unguwa ba, ya wurgo dutse ya fasa wa Yaya gira, jini ya wanke masa fuska, har yau tabon na nan. Bai rama ba, bai kuma bar kan bencin ba.

Sai wani yaro ya kutso gaba yana ɗaga waya, ɗan ƙanwar wata ƙawar Inna ne, na san shi ya san ni. Ya ce, "Kai kake kare su, alhali makamai suka tara! Ga shi nan, ƙanwarka ma ita ta turo mani!"

Yaya ya karɓi wayar ya karanta, ya waiwayo ya dubi ƙyauren zaurenmu. Bai gan ni ba, amma ya san ina nan. Na yi shekara goma sha huɗu ina rubuce-rubuce, har yau ban sami kalmar da zan kwatanta wannan kallon da ita ba. Ya mayar wa yaron wayarsa ya ce, "Ita ta gani da idonta? Kai ka gani? To ni na ga Sista, kuma sai kun taka ni." Ana cikin haka limamin masallacin lungu ya fito da butarsa, tsoho ne tukuf, ya ce lokacin salla ya yi, duk Musulmin da ke wurin ya ajiye abin hannunsa ya zo ya yi alwala. Wasu suka bi shi don kunya, sauran suka juya suka nufi titi. Ba zan ce sun koma gida ba, domin a ranar an ƙona shaguna a bakin hanya. Lungunmu dai ba su shiga ba. Makaman da aka ce kuwa, har aka sa dokar hana fita aka ɗage, ba wanda ya ga ko harsashi ɗaya.

Kwana biyu Sista ta yi a ƙuryar Inna. Da dare ina kwance ina jin ta tana addu'a ƙasa-ƙasa da Hausa, tana kiran Ubangiji, tana roƙa wa yaranta, tana roƙa wa Yaya sauƙin ciwo. Ita ce ma ta ɗinke masa girar da hasken tocila. Ni kuwa na juya fuska bango na yi kamar barci nake.

Wata tara bayan wannan, a Janairun 2012, gwamnatin Jonathan ta cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga naira 65 ta haura 140. Lokacin ana cikin tsoro, don ba a daɗe da tashin bam a cocin Madalla ranar Kirsimeti ba. Amma da matasa suka fito zanga-zanga a Kano da Kaduna, sai aka ga samari Kirista sun riƙe hannun juna sun kewaye Musulmi har suka idar da salla, a Kano kuma wasu Musulmi suka bi coci-coci ranar Lahadi suna ba da tabbacin aminci. Da na ga hotunan sai na tuna bencin mai shayi. Irin yaran nan ne dai, masu ƙarfin jiki da zafin kai, waɗanda in an miƙa masu galan su ɗauka, in an miƙa masu amana su riƙe.

Yanzu ƙungiyoyin sasanta addinai sun yi yawa, har da na mata zalla, irin majalisar matan addinai da aka kafa a Kaduna a 2010. An taɓa gayyatata wani taron a wani otal, aka ba mu jaka da biro da shinkafa da kaza, aka yi ta Turanci har la'asar. Ban ce ba shi da amfani ba, na ƙaru. Sai dai na duba ɗakin kaf ban ga mai gyaran babur ko ɗaya ba, ban ga ɗan acaɓa ba, ban ga yaron da ke kwana a tasha ba. Waɗanda aka tara, ko ba a tara su ba, ba za su ƙona gidan kowa ba. Su Yaya kuwa ba su taɓa jin kalmar tattaunawar addinai ba. Abin da suka sani shi ne sun ci kajin Sista, ta yi masu allura suna yara suna kuka, kuma Inna ba ta taɓa barin wani ya kira ta da mummunan suna a tsakar gidanmu ba. Wannan kuwa aikin waye in ba namu ba? Mu ke aiken yaro da kwano, mu ke hana shi. Mu yake ji muna hira a bakin murhu, yadda muka kira maƙwabciya haka zai kira ta ranar da ya girma ya riƙe gora. Yanzu kuma ga waya a hannun kowace, saƙon da a da sai ya kwana uku a hanya, yau kafin ki sauke tukunya ya zaga gari.

Mai kirana a waya, in kina karanta wannan, ban ce ki bar ko ɗigo ɗaya na addininki ba, ni ma ban bari ba. Amma ki tambayi malaminku na Islamiyya wa ya karɓi sahabbai a Habasha lokacin da Makka ta yi masu zafi, kuma saurayin da ya tsaya gaban Najjashi ya yi magana da yawunsu, Ja'afar ɗan Abu Ɗalib, shekarunsa nawa a lokacin.

Sista ba ta cika shekara a lungunmu ba bayan abin nan. Ta sami ɗaki can kusa da barikin soja, inda 'yan uwanta suka fi yawa. Ranar da take ɗaure kaya Inna ta yi ta kuka tana cewa mi muka yi maki, ta ce, "Inna, ba ku na guda ba. Dare nake tsoro, kuma ba kullum yaran nan za su kasance a bakin lungu ba." Tun daga nan in naƙuda ta tashi da dare sai an nemo mota. Wanda ya kama ɗakinta Musulmi ne, na bayansa ma haka, yanzu duk lungun babu Kirista ko ɗaya, 'ya'yana suna tasowa ba su san kowa ba sai irinsu.

Har yau duk Kirsimeti sai ta aiko ɗanta da kwano gidan Inna a Keke Napep, kajin kuma Yaya ke zuwa ya yanka mata tun da Baba ya rasu. Yaya bai taɓa gaya mata maganar saƙon nan ba, ni ma ban taɓa ba. Sau uku ina zuwa gidanta da niyyar in faɗa, sai mu ɓuge da hirar yara in taso. Amma tana karanta Hausa sarai, kuma duk littafin da na fitar sai ta aika an sayo mata, ba ta yarda in ba ta kyauta. Wannan ma na san za ta saya.